Birkin Motar Ɗan Anarkan

A Ak-Orgo, can gefen Bishkek inda kwalta ke ƙarewa a shiga tsallen kwata, babu wanda bai san baƙar motar da ta yi wata da watanni a tsakar gidan Anarkan ba. Maza suna cewa laifinta ne, wai mace ba ta iya ciniki ba. Matan layin kuma, waɗanda ko sau ɗaya ba su taɓa leƙa ta da kwanon miya ba, suna cewa tsufa ne ya fara taɓa mata kai. Ƙarya suke yi, dukkansu. Hankalin Anarkan ya fi nasu, kuma ba rashin mai saye ne ya hana motar nan fita ba.

Shekara talatin Anarkan ta yi tana tuƙa bas ɗin lantarki, irin mai ƙahoni biyu da ke bin waya a sama. Gajera ce, mai kaurin hannu, kullum da matashi a ƙarƙashinta don ta hango titi sosai. In ƙahonin suka zame daga waya a tsakiyar sanyi, ita ke sauka da safar hannu ta ja igiya ta mayar da su, maza cike da mota suna kallonta ta gilashi, babu mai motsawa. Ta san fasinjojinta kamar 'yan ɗakinsu: tsohuwar da ke kai madara bakin asibiti, malamin da kullum sai ya yi gudu, 'yan makarantar da suka girma a idonta har suka fara shigowa da nasu 'ya'yan. A duk shekarun nan ko kare ba ta taɓa bugewa ba. Ita da kanta takan ce ba tuƙi ne aikinta ba, tsayawa ne. Kowane wawa ya iya tafiya.

Mijinta Toktosun ya rasu tana da sauran ƙarfi, zuciya ce ta tsaya masa yana gyaran rufin gida. Daga baya aka sauke wayoyin bas ɗin daga titi, aka ba ta takardar yabo da kofunan shayi a kwali, ta dawo gida. Matar da ta saba gaisawa da mutum ɗari kafin hantsi, sai ga ta tana yini ba ta buɗe baki ba sai in za ta kori kyanwar maƙwabta. Wata rana ta je sayen gishiri, da ta yi wa mai kanti magana sai ta ji muryarta ta dishe kamar ta mai mura, alhali lafiyarta ƙalau. Rashin amfani ne kawai.

Ɗa ɗaya gare ta, Ishen. A wurinmu auta ne ke zama a gidan iyaye ya riƙe su har ƙasa ta rufe musu ido, kowa ya san wannan. Ishen shi ne na fari, shi ne auta, ba shi da wanda zai tura wa. Amma ya tafi Koriya aikin masana'antar roba, da sunan shekara biyu, shekara biyun ta haifi 'ya'ya. Yakan kira ta ranar Sallah da ranar bikin shigowar bazara. In ita ta kira, yana wurin aiki, ko yana barci, ko zai kira ta anjima. Ba a ce bai taɓa turo kuɗi ba, yana turowa jefi-jefi. Sai dai kuɗi ba sa ce wa uwa "Apa, kin tashi lafiya?"

Bara da rani ya zo hutu. Kwanansa biyu ya tafi kasuwar motoci ya dawo da abin nan: motar Jamus, baƙa wuluk, ƙasa-ƙasa kamar kunkuru, ta wuce hannun mutum uku ko huɗu kafin shi. In aka tayar da ita tagogin layin har rawa suke yi. Ta cikin tayoyinta ana hango jan ƙarfen birki, kowane faifai ya kai faɗin tiren shayi. Anarkan ta zagaya ta, ta ce, "Balam, ɗana, wannan ina za ka da ita? Sama?" Ya yi dariya ya sumbaci kanta. Hutun nan kaf a cikin motar ya yi shi, shi da abokansa, yau bakin tafkin Isik-Kul, gobe hawan duwatsu, jibi bikin wani a Narin. Uwar tana dafa nama yana hucewa a tukunya. Ranar da zai koma, wata jar fitila tana ci a gaban sitiyari, birkin kuma yana kuka kamar ana wasa wuƙa. Ya ajiye mata makulli da takardar wakilci, ya ce zai dawo ya duba.

Bai dawo ba. Da sanyi ya wuce sai ga kiransa, ba Sallah ba, ba biki ba, ranar Lahadi kawai. Ta ɗauka wani abu ya same shi.

"Apa, motar nan za a sayar. Ina son in kama gida a nan, suna neman kuɗin ajiya. Na sa tallarta a waya, na sa lambarki. In an kira ki nuna musu."

"Kana lafiya dai?"

"Lafiya lau. Zan kira ki Lahadi mai zuwa in ji ko an zo."

Ta daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe. Zan kira ki Lahadi mai zuwa. Rabon da ta ji wannan daga bakinsa tun yana soja.

Anarkan ba ta sayar da abin da ba ta sani ba. Washegari ta ɗora matashinta a kujerar direba, ta lallaɓa motar kamar mai ɗauke da ƙwai zuwa garejin Usta Husan, bakanike mai furfura wanda ya san ta tun tana aiki. Ya cire taya, ya bi gefen faifan birki da farce, ya yi fito, ya kira ta eje, yadda ake girmama babbar mace a nan.

"Eje, ɗan naki jirgin sama ya ɗauka yana tuƙawa? Dubi nan. Faifan ya cinye har ya yi leɓe. Takalman birkin kuwa babu su, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Duka huɗun."

"Nawa?"

"Zauna tukuna."

"Husan, ni ba amarya ba ce. Nawa?"

"Na ainihi, som dubu ɗari da tamanin. Aikina kyauta, don ke ce."

Ta dube shi. "Kuɗin goɗiya ke nan."

"Goɗiya mai ƙiba ma. Kuma ba sau ɗaya ba. In mai ita yana da zafin ƙafa, duk bayan shekara biyu sai ta ci goɗiya guda. Abin da samari ba sa tambaya ke nan, su dai su ji ƙarar inji. Akwai na arha, ba zan ɓoye miki ba, a cikin gari za su tsayar da ita. Amma mota mai wannan nauyi da wannan gudu, ki sako ta gangaren To-Ashu, in suka ɗau zafi sai ki taka ki ji kamar kin taka kwaɓin gurasa."

Ranar Lahadi ta gaya wa Ishen. Ya ce, "Apa, kada ki gyara komai, kada kuma ki ce komai. Mai saye ai yana da ido." Ta yi masa sallama. Shi ya ɗauka ta yarda.

Daga nan wayarta ta tashi daga matattu. Safe kira, rana kira. Eje, motar na nan? Eje, ina ne gidan? Ta share tsakar gida, ta wanke labule, ta fito da kofunan nan na kwali da ba ta taɓa amfani da su ba. Ta koma kwaɓa fulawa kamar lokacin da gidan ke da mutane.

Na farko samari biyu ne, da riguna masu sheƙi da turare mai hawa kai. Suka durƙusa suna leƙen ƙasan motar, suna ɗaukar hoto.

"Ku shigo ku taɓa gurasa," in ji ta.

"Eje, sauri muke yi, gani kawai muka zo."

"Gidan uban wa kuka taɓa shiga kuka fita ba ku taɓa gurasa ba? Ku cire takalma."

Suka cire takalma. Duk rashin kunyar yaro, ba ya ƙetare gurasa. Suka zauna, ta shimfiɗa dastorkon, mayafin da ake jera abinci a kai, ta jera borsok mai zafi, irin cincin ɗinmu mai laushi, da man shanu, da zuma. Ta riƙa zuba musu shayi ɗan kaɗan a gindin kofi, yadda ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe, su shanye ta karɓa ta ƙara. Ta tambaye su 'ya'yan wane ne, wane ƙauye, waye kakansu. Dogon ya ce uwarsa tana Kochkor.

"Yaushe rabonka da kiranta?"

Ya sosa ƙeya. Abokin ya fashe da dariya: "Ranar da kuɗinsa suka ƙare, eje!"

"Kai kuma da kake washe baki, taka uwar fa?"

Sai da suka ƙoshi, suka saki jiki, har dogon ya fara ba ta labarin yarinyar da yake nema, sannan ta ajiye buta ta ce, "To, ku saurara. Motar nan ba ta da birki." Ta zayyana musu komai, yadda Husan ya faɗa, har da goɗiyar da take ci duk shekara biyu. Ta tambayi dogon aikin me yake yi. Ya ce gyaran waya. Ta ce, "To ka sayi motar, ka manta da yarinyar. Biyun ba za su zauna a aljihu ɗaya ba."

A bakin ƙofa gajeren ya juyo ya ce, "Eje, don Allah, sayarwa kike yi ko kora?"

"Gaskiya nake gaya muku. Ungo, ku tafi da sauran borsok ɗin."

Haka aka yi ta yi. Wani ɗan sanda ya zo da matarsa, matar ce ta ja shi waje da ta ji kuɗin. Wani mai shagon kayan gini ya zauna har la'asar yana ba ta labarin ciwon sukarinsa. Wani ya zo sau biyu, na biyun bai ko kalli motar ba. Kowa ya ci, kowa ya sha, kowa ya ji maganar birki, kowa ya tafi.

Duk abin da take faɗa musu gaskiya ne, babu ƙari ko na gashi. Matar da ta yi shekara talatin ba ta taɓa kowa ba, ba za ta tura ɗan wani gangaren dutse da mota marar birki ba. Amma Anarkan ba ta yaudarar kanta. Ta sani sarai duk lokacin da ta rufe ƙofa bayan wani mai saye ya tafi hannu wofi, wani sanyi yakan sauka a ƙirjinta, don ta san Lahadi mai zuwa ma wayarta za ta yi ƙara. Muddin motar na tsakar gida, Ishen yana da abin tambayarta. Ranar da ta fita, me zai kira ya ce?

Kuma ta iya jan zancen. "An zo, Apa?" "An zo, mutum uku. Na farkon ɗan Kochkor ne, ka san dangin su wane..." Tana bayani tana kasa kunne ta bayansa. Takan ji ƙarar buta, takan ji wata mace tana magana ƙasa-ƙasa, wadda bai taɓa gaya mata sunanta ba. Wata rana ta ji yana tari.

"Kana tari, balam."

"Ba komai. Nawa suka taya?"

"Ka sha madara da man tunkiya."

"Apa, nawa suka taya?"

Ko hakan ma ya ishe ta. Ku duba fa abin da uwa ta koma tana lallaɓawa: kira na 'yan mintoci, rabinsa maganar ƙarfe. A ce wai ita ce mai taɓin kai!

Mutum ɗaya ne bai gudu ba. Asankul, manomin wake daga Talas, ƙato mai jan wuya, wanda ya ba hamsin baya. Ya ci gurasa kamar mai jin yunwa da gaske, ya yi mata bayanin farashin wake har ta fara hamma. Da ta kawo maganar birki ya gyaɗa kai kawai.

"Na sani, eje, tun daga bakin ƙofa na hango faifan. Ni tun ina yaro nake mafarkin irin wannan, yanzu wake ya yi kuɗi, matata ta gaji da hana ni. Goɗiya duk shekara biyu ba za ta kashe ni ba. Amma ba na sayen doki gurgu. Duk mako sai na haye To-Ashu. Ki gyara da na ainihi, ki kira ni, in biya ba tare da na rage miki ko som ɗaya ba."

Ta ce to. Ba ta gaya wa Ishen an yi wannan baƙon ba.

Rani ya wuce, ganyen bishiyar tuffa ya fara zubowa a kan motar, kullum sai ta share. Sai wata Lahadi muryar Ishen ta zo a bushe.

"Apa, wani ya rubuto mini. Ya ce kin zaunar da shi kin yi masa wa'azi a kan birki har ya ji tsoron hawa keke. Gaskiya ne?"

"Na ba shi shayi."

"Wata nawa ke nan! Gidan da nake nema zai wuce ni. Gobe Mirlan zai zo. Ki ba shi makulli da takardu, shi ya san yadda zai yi."

Mirlan abokin Ishen ne tun makaranta, yanzu dillali ne a kasuwar motoci, ya yi tumbi, da carbi a hannu yana kaɗawa. Ya shigo da fara'a, Anarkan apa kaza, Anarkan apa kaza, ya tuna mata yadda take ba su alewa. Ta shimfiɗa masa dastorkon don ba ta da yadda za ta yi. Ta tambaye shi yadda zai yi da birkin.

"Wannan ai wasa ne, apa. Takalma na arha, a goge faifan ya yi ƙyalli, a fesa wa jan ƙarfen fenti. Fitilar kuma akwai wata 'yar waya, in an haɗa bakinta sai ta mutu. Kwana biyu na sayar. Kowa haka yake yi."

"In ya sako gangare fa?"

"Rai a hannun Allah yake, apa."

Ta ɗauki buta ta cika masa kofi maƙil har yana zuba a yatsunsa. Ya dubi kofin, ya dube ta, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya gane. Yaron da aka haifa a ƙasar nan ba ya buƙatar a fassara masa cikakken kofi.

"Korata kike yi, apa?"

"Shanye dai. Ka ce wa abokinka ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In ban sayar ba ka zo ka ɗauka."

Da ya tafi ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana kallon motar. Wasan ya ƙare, ta sani. Ko ta hannunta ko ta hannun Mirlan, motar za ta fita, Lahadinta ma za ta bi ta. Abin da ya rage mata kawai shi ne ta zaɓi yadda za ta fita: da birki, ko da fenti.

A ƙasan akwatin ɗakinta, ƙarƙashin barguna, akwai kuɗin da ta daɗe tana tarawa daga fansho da ɗan abin da Ishen ke turowa. Kuɗin goɗiyarta ne. In babba ya rasu dole a yanka doki a ciyar da masu zaman makoki, in ba a yi ba abin faɗa ya samu har jikoki. Lokacin Toktosun sai da ta bi dangi gida-gida tana sunkuyar da kai, ta rantse ba za a yi wa ɗanta haka a kanta ba. Ta fito da su ta kai wa Usta Husan, bai cika ba ta ƙara da 'yan kunnen aurenta.

"Ishen ya turo?" in ji Husan.

"Kai dai sa na ainihi."

Ya dube ta ta saman tabarau, bai ƙara tambaya ba.

Ranar da aka gama, ba ta wuce gida kai tsaye ba. Ta ɗau hanyar da ta nufi duwatsu, inda motoci ba su da yawa. Da titi ya miƙe ta ɗan danna, motar ta zabura har bayanta ya manne da kujera, matashin ya zame. Ta ji wata dariya ta kuɓuce mata, ita kaɗai a mota. Sannan ta taka birki, a hankali da farko, daga baya da ƙarfi. Motar ta tsaya cak, ba kuka, ba karkata, kamar an ɗora mata hannu a kafaɗa. Duk tsawon aikinta ba ta taɓa taka birki mai daɗin wannan ba. Ta zauna a gefen hanya, tumaki suna wucewa, ƙanƙara ta riga ta sauka a kan tsaunuka. Babu wanda za ta gaya wa. A nan ta kira Asankul.

Ya zo da jakar wake a kafaɗa, tsaraba. Ya duba faifan, ya zagaya layin da motar, ya dawo fuskarsa kamar yaron da aka saya wa keke. Suka zauna shan shayi. Tana zuba masa kaɗan-kaɗan, kaɗan ƙwarai.

"Tana shan mai fa," in ji ta. "Kamar rijiya."

"Na sani."

"Ƙasa gare ta. Hanyar gonarku za ta fasa mata ciki."

"Ina da tarakta don gona."

"Kujerun fata ne, da sanyi sai sun..."

"Eje." Ya ajiye kofi. "In akwai saura ki faɗa, ina da lokaci. In kuma ba kya son sayarwa ki ce mini, in bar miki waken in tafi, ba faɗa."

Ta kalli hannuwanta. Babu saura. Ta miƙa masa hannu, ya kama ya girgiza da ƙarfi yadda ake yi a kasuwar dabbobi har kafaɗarta ta amsa, suka shafa addu'a. Suka je aka rubuta takardu, suka dawo ya juye mata waken ya ɗauki jakarsa. Sai ya hango tayoyin tafiya kan ƙanƙara guda huɗu jere a rumfa, waɗanda suka zo tare da motar.

"Waɗancan ma nata ne ko? Na ga an rubuta a talla."

"Waɗancan ragama ce."

"Me?"

"Kai manomi ne, kada ka yi mini kamar ba ka sani ba. Ana sayar da doki da ragamarsa? Albarkar gida ta bi shi ke nan."

Asankul ya riƙe ciki yana dariya. "Eje, mutane bulalar da ke rataye a madubi suke cirewa, ko abin makulli. Ke tayoyi huɗu?"

"Dokin babba ne."

Ya share hawayen dariya, ya dube ta, ya dubi tsakar gidan da babu takalmin kowa a bakin ƙofa sai nata. Ya ce, "Riƙe ragamarki, eje. In na shigo gari zan leƙo in taɓa gurasa." Irin maganar da ake faɗa ce. Ta buɗe masa ƙofar gida da kanta, tagogin layin suka yi rawarsu ta ƙarshe. A inda motar ta tsaya aka bar tabo huɗu a siminti, da ganyen tuffa da ya taru a tsakaninsu.

Ta tura wa Ishen kuɗin duka, ba ta cire na goɗiyarta ba. A ganinta in ta cire, sai ta yi bayani, in ta yi bayani kuma kamar tana roƙo ne. Ranar Lahadi ya kira, muryarsa fes.

"Apa, kin ga! Ai na ce za ki iya. Har ya fi abin da Mirlan ya ce. Yaya aka yi bai rage ba?"

"Na gyara birkin."

"Kin gyara? To, madalla. Apa, gobe za mu sa hannu a gidan, in mun shiga zan turo miki hoto."

Ta jira ya tambaya da me ta gyara. Bai tambaya ba.

"Akwai sauran tayoyin ƙanƙara," in ji ta da sauri. "Huɗu, masu kyau. Ban ba shi ba. Zan sa su a talla, sai ka riƙa kira kana jin yadda ake ciki."

"Tayoyi? Haba Apa, ki ba duk wanda kika ga dama. Kada ki wahalar da kanki. Ana jirana, sai mun yi magana."

Lahadi ta gaba ta ajiye wayar a kan tebur kusa da buta, ta ƙara mata sauti har ƙarshe. Ta tsince waken Asankul tsaf, ta sake tsince shi. Rana ta faɗa bayan duwatsu. Wayar ba ta yi ƙara ba, Lahadin da ta biyo baya ma haka. Hoton gidan dai ya zo, falo ne da farin labule, babu kowa a ciki.

Da ƙanƙarar fari ta sauka a gari, Anarkan ta mirgino tayoyin tsakar gida, ta wanke su da ruwan ɗumi, ta ɗauke su hoto. Wata da watanni tana amsa masu saye, ta koyi yadda ake sa talla da kanta. Ta rubuta kuɗin da ya kusa na sababbi, wanda ta san mai hankali ba zai biya ba sai ya zo ya yi ciniki, cinikin ma ba na rana ɗaya ba. Sannan ta shiga ta kwaɓa fulawa ta rufe da tawul.

Kwaɓin bai gama tashi ba wayar ta yi ƙara. Lamba ce da ba ta sani ba.

"Salamu alaikum, eje, tayoyin nan suna nan? Amma kuɗin ya yi yawa fa."

"Suna nan," in ji Anarkan, tana jawo kaskon suya da ɗaya hannun. "Ba a ciniki a waya, balam. Zo ka gani da idonka. Daga ina kake? Ka ci abinci kuwa?"